Daga Mogadishu Zuwa Mabera: Tarihin Gurnetin Ruɗa Masu Garkuwa

A watan Satumba na 1972, wasu 'yan bindigar Falasɗinu suka yi garkuwa da 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta birnin Munich. 'Yan sandan Jamus ta Yamma suka yi yunƙurin ceto, lamari ya dagule, aka rasa 'yan Isra'ila 11. Kunyar wannan rana ce ta haifi rundunar 'yan sanda ta musamman, GSG 9.

Tambayar da ta dami kowa a lokacin ita ce: ta yaya za a faɗa ɗaki kafin mai garkuwa ya ja kunamar bindiga? Sojojin SAS na Ingila suka fito da gurneti marar watsa ɓaraguzan ƙarfe. Ba barkonon tsohuwa ba ne. Da ya tashi, haske zai dalle ido, mutum ya daina gani na 'yan daƙiƙoƙi, ƙara ta toshe kunne, jiri ya kwashe shi. Waɗannan daƙiƙoƙin kaɗai ake nema.

Duniya ta san gurnetin ranar 18 ga Oktoba 1977, lokacin da GSG 9, tare da jami'an SAS 2, suka kutsa jirgin Lufthansa da aka karkatar zuwa Mogadishu, suka fito da fasinjoji 86 da rai. A 1980 an sake jefa shi a ofishin jakadancin Iran da ke Landan, inda labule ya kama da wuta. Wato shi ma yana da nasa haɗarin.

Mu Sakkwatawa mun ga irin wannan samame a ƙofar gida. A watan Mayu na 2011 aka sace injiniyoyi 2 a Birnin Kebbi, Chris McManus ɗan Ingila da Franco Lamolinara ɗan Italiya. Ranar 8 ga Maris 2012, dakarun Ingila da na Najeriya suka dira wani gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Mazauna unguwar sun sha ƙarar harbi har tsawon sa'o'i, amma kafin a kai ɗakin da ake tsare da mutanen, masu gadinsu sun riga sun harbe su. A ganina, Mabera ta nuna iyakar kowane irin makami na ruɗarwa: sai ka isa bakin ƙofa ba a ji motsinka ba yake da amfani.

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Kebbe kuwa, ƙofar ma babu ita. An ƙera wannan gurneti ne don jirgi da ɗaki, inda bango ke maido da ƙara. 'Yan bindigar da ke shigowa ƙauyuka a kan babura tsakar dare, daji suke kora mutane, can wajen iyakar Zamfara, su ɗaure su a sarari, masu leƙen hanya na hango ƙurar mota tun daga nesa. Shi ya sa har gobe dangi ne ke sayar da shanu da hatsi, wani lokacin har gona, su haɗa kuɗin fansa.