Fara Ƙwai a Kajin Gida da Dalilan Jinkirinsa: Bayani ga Al'ummar Toranke da Kewaye

Gabatarwa

A Toranke da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi, haka kuma a ƙauyukan Gaya, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Mafi yawansu na mata ne da yara, kuma da kuɗinsu ake sayen magani, da kayan makaranta, da gudummawar biki ko suna. Wata asara da muke yawan gani ita ce, mai kaza ta yi wata 6 tana ɗawainiya da sagara, idan ta ga shiru sai ta ba da ita a kai kasuwa, alhali saura mako 2 ko 3 ta fara ƙwai. Wani gidan kuma a shekara ana ciyar da kazar da ba za ta yi ba. Wannan bayani zai taimaka wajen bambance kazar da lokacinta ne bai yi ba, da wadda wani abu ya tauye.

Yaushe Kaza Take Fara Ƙwai?

Amsar ta danganta ga irin kazar. Kajin gidan gona da aka tanada domin ƙwai suna farawa tsakanin mako 18 zuwa 20, idan sun sami cikakken abinci, kuma guda tana iya yin ƙwai 280 ko fiye a shekara. A cikinsu akwai ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar domin yanayinmu. Akwai kuma irin su Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda ake kiwo domin nama da ƙwai, su ma suna riga kajin gida farawa.

Kazarmu ta Hausa kuwa, wadda ke yawon tsince-tsince, ba ta cika farawa ba sai ta kai wata 6 zuwa 7, wani lokaci har 8. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 a jere sannan ta kwanta a kansu, sau 3 ko 4 a shekara, jimla kimanin 40 zuwa 60. Saboda haka kazar gida mai wata 6 da ba ta fara ba, ba ta makara ba. Kuskure ne a auna ta da ma'aunin kazar gidan gona.

Ya kamata a sani kuma cewa kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai. Amfanin zakara shi ne a sami ƙwan da zai ƙyanƙyashe, kuma guda ɗaya ya wadatar da kaji kimanin 10.

Alamomin Kusantowar Lokaci

Idan sagara ta kusa farawa, zankonta da fuskarta sukan ƙara girma su yi ja sosai. Takan riƙa leƙe-leƙen lungu tana neman maɓoya, tana yawan kuka, kuma idan aka kai hannu bayanta sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. Alama mafi tabbas ita ce ta ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta. Idan yatsa ɗaya kaɗai ke shiga tsakaninsu, da sauran lokaci. Idan yatsu 2 ko 3 suka shiga, kuma wurin ya yi laushi da danshi, to ta fara ko tana gab da farawa.

Wannan gwaji yana da wani amfanin. Sau da yawa kazar da ake zargi da jinkiri ta daɗe da farawa, sai dai tana zubawa a ƙarƙashin rumbu, ko cikin tarin kara, ko bayan danga, inda muzuru da maciji da kare ke riga mai ita. Kafin a yanke hukunci, a tsare ta a akurki har zuwa azahar na kwana 3, domin mafi yawan ƙwai kafin wannan lokaci ake yin sa. Ƙwan farko yakan zo ƙarami, wani lokaci da ɓawo mai laushi, kuma wannan ba cuta ba ce.

Dalilan Jinkiri

1. Ƙarancin abinci. Shi ne babban dalili. Jikin kaza ba ya shiga aikin ƙwai sai ya kai nauyin da ya dace da irinta. Dusa da tsaki suna cika ciki amma ba sa gina jiki yadda ya kamata. Kaza mai ƙwai tana bukatar abincin da sinadarin gina jiki ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin 100, gero da dawa kuwa ba su kai haka ba. Muna da abin cike giɓin a kusa: garin ƙuliƙuli marar gishiri da yaji, soyayyen waken suya, ɓarzajjen wake, gara, da ganyen zogale.

2. Rashin sinadarin ɓawo. Kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙa, a ajiye a kasko daban domin kazar ta ci gwargwadon bukatarta. Kada a ba ƙananan kaji abincin kanti na masu ƙwai tun kafin su kai mako 16, domin yawan kalsiyam yana lahanta musu ƙoda.

3. Cuta. Annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Nukasil ta fi tsananta da hunturu. Wadda ta tsira daga gare ta takan tsumbure, ta yi jinkirin farawa. Tsutsar ciki da ƙwarƙwata da ƙuma su ma suna shanye ƙarfin kaza a hankali.

4. Zafi da ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankinmu yakan kai digiri 40. Kaza takan rage ci, ƙwai kuwa kusan kashi 3 cikin 4 na abin da ke cikinsa ruwa ne. Inuwa da ruwa mai sanyi a kasko safe da rana da yamma wajibi ne.

5. Gado. Idan zakara ɗaya da 'ya'yansa suka daɗe suna barbarar 'yan uwansu, tsatson yakan yi rauni. A riƙa musayar zakara da wani gari duk shekara ko shekara 2.

A ƙasashen Turai gajartar yini da sanyi tana jinkirta kaji ƙwarai. A nan Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa 2 ba, don haka abinci da lafiya ya kamata mu fara dubawa.

Lissafin Lokaci

'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a Yuni ko Yuli suna cika wata 6 a tsakiyar hunturu, daidai lokacin annoba. Waɗanda aka ƙyanƙyashe da kaka, a Oktoba ko Nuwamba, suna samun hatsi a yalwace, amma lokacin farawarsu yana faɗawa cikin zafin bazara. Na farko rigakafi suka fi bukata, na biyu kuwa inuwa da ruwa da ƙarin abinci. Yana da kyau a riƙe watan ƙyanƙyasa, ko da ta hanyar danganta shi da salla ko girbi.

Rigakafi

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana samar da rigakafin Nukasil, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4. Kafso na mutane da ake jefawa a ruwan kaji ba ya kashe wannan cuta. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da jami'in dabbobi nan take, kada a yanka a ci ko a kai kasuwa. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, ta sake dawowa a 2015, kuma sau biyun ta shafi Jihar Kano.

Ga Jami'ai da Masu Unguwanni

Muna jan hankalin dagatai, masu unguwanni, malaman gona da sashen noma na ƙananan hukumomi cewa rabon kaji na zamani ba tare da tanadin abinci da rigakafi ba yakan ƙare da asara. Kazar da aka saba ciyarwa a keji, idan aka sake ta a kan dusa kaɗai, za ta yi jinkiri kamar kowace kaza. A bayyana wa masu karɓa irin kazar da shekarunta, a kuma tsara rigakafin unguwa gaba ɗaya kafin hunturu ya shigo, domin kajin maƙwabta tare suke kiwo.

Kammalawa

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sai dai sagarar da aka sayar ana saura mako 2 ta fara, mai saye ne zai ci ribar wahalar mai kiwo. Shawararmu ita ce, a duba alamomin da muka ambata, a inganta abinci, a ba da maganin tsutsa bisa shawarar jami'in dabbobi, a jira wata guda. Kazar gida da ta wuce wata 9, aka yi mata duk wannan amma zankonta bai yi ja ba kuma ƙasusuwanta ba su buɗe ba, ita ce ta dace a sayar, a bar abincin ga masu yi.