Jibiya a Ajin Ilimin Zamantakewa

Darasin farko da muke koya wa ɗalibai a ilimin zamantakewa shi ne bambancin al'umma da ƙasa. Mukan kwaso misalai daga littattafan Turai, alhali ga Jibiya a ƙofar gida.

Rabuwar ta riga Turawa zuwa. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka zauna a Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari ta dajin da ke tsakani. Wannan tsagar Ingila da Faransa suka tarar, suka kafa mata alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Wa ya shiga makarantar Ingilishi, ƙane ta Faransanci, amma auratayya da cin kasuwa ba su tsaya ba.

Da aka rufe iyakar a Agustan 2019, shinkafa ta yi tsada, 'yan fito suka koma ɓarauniyar hanya a kan babura. Ɗalibin da ya ga haka a Magama ya riga ya san yadda doka ke karo da zumunci. Sai malami ya tura shi tasha, ya tambayi direbobin Maraɗi, ya rubuto abin da suka faɗa.