Gundumar Sunflower: waƙa, ƙuri'a da bankin dabbobi

A jihar Mississippi ta Amurka akwai wata gunduma da ake kira Sunflower, ƙasar auduga mai baƙar laka. Duk wanda ke son sanin tushen waƙar blues, ko yadda baƙar fatar Amurka suka ƙwato 'yancin jefa ƙuri'a, sai ya biyo ta nan.

A wannan gunduma ne gonar Dockery take, wadda aka kafa a 1895. Nan Charley Patton ya tashi yana kaɗa jita ga 'yan ƙwadago, a wajensa kuma Howlin' Wolf ya ɗauki hannu. B.B. King ya yi samartakarsa a kewayen Indianola, hedikwatar gundumar. Gidan yarin Parchman, inda aka taɓa ɗaure mawaƙa irin su Son House da Bukka White, shi ma nan yake. Masu waƙar nan ba daɗi ya sa su buɗe baki ba. An soke bauta a 1865, amma aka maye gurbinta da noman raba-daidai: mai gona ya ba ka fili da bashin abinci daga kantinsa, in kaka ta yi shi ne mai lissafi, kullum kai ake bi. Abincin kuma garin masara ne da kitsen alade mai gishiri da ruwan rake, cimar da ta yaɗa cutar pellagra a kudancin ƙasar. Waƙar blues ita ce ta adana labarin wannan yunwa da bashi.

Cikin irin waɗannan gonaki Fannie Lou Hamer ta girma. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin 'ya'ya 20, ta fara tsinkar auduga tana da shekara shida. A watan Agustan 1962 ta je Indianola don yin rajistar zaɓe. Da ta dawo, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya kore ta. A 1963 aka yi mata dukan kawo wuƙa a kurkukun garin Winona, dukan da ya bar mata ciwon ƙoda har ƙarshen rayuwarta. A 1964 ta ba da wannan labari gaban taron jam'iyyar Democrat a Atlantic City, har Shugaba Johnson ya kira taron manema labarai cikin gaggawa don a kau da kyamarori daga kanta. Da dare gidajen talabijin suka watsa jawabin nata duk da haka. Sanata James Eastland, babban mai kare wariyar launin fata a majalisar dattawa a lokacin, gonarsa na cikin gundumar Sunflower, a Doddsville.

Dokar 'yancin zaɓe ta fito a 1965. Sai dai Hamer ta riga ta ga yadda ake horar da mutane da ciki. A hunturun 1962, hukumomin gundumar Leflore da ke maƙwabtaka sun yanke rabon abincin gwamnati don ladabtar da masu neman rajista. Ga injin tsinkar auduga ya raba dubbai da aiki. Wanda tukunyarsa ke hannun wani, ina zai iya ɗaga murya?

Shi ya sa a 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa mai suna Freedom Farm da eka 40, daga baya aka ƙara 640. Mawaƙi Harry Belafonte na cikin waɗanda suka taimaka wajen tara kuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne bankin aladu, wanda ƙungiyar mata baƙar fata ƙarƙashin Dorothy Height ta ba da jarinsa. Mu musulmi ba ma cin wannan dabba, amma tsarin ya cancanci a dube shi. Za a ba iyali mace mai ciki, su kula da ita, in ta haihu su mayar da 'ya'ya biyu banki don wani gidan ya samu, sauran kuwa nasu ne. Wanda ya san habbanaye na Fulanin Nijar zai gane abin nan take. Dabbar tana nan a gida, mai ita ya san cinta da shanta, naman kuma na shiga cikin 'ya'yan wanda ya yi wahalar kiwo.

Yau yawancin aladun Amurka a manyan rumfunan kamfanoni suke, a jihohi irin su Iowa da North Carolina, inda ake tsare uwa mai ciki a kejin da ba ta iya ko juyawa. A 2018 masu zaɓe a California suka amince da dokar da ta hana sayar da naman irin wannan kiwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2023. Na yi murna da dokar, amma ta tsaya ne kan faɗin keji. Tambayar Hamer ta fi haka zurfi: wa ke da ƙasar, wa ke da dabbar, wa ke ƙoshi?

Gonar Freedom Farm ba ta daɗe ba. Ambaliya da bashi da janyewar masu tallafi suka durƙusar da ita a 1976. Hamer ta rasu ranar 14 ga Maris 1977, aka binne ta a Ruleville.