Tarihin Akwatin Ajiya Na NAS Da Dalilin Da Ya Sa Yake Ɓacewa A Netwok

Yau ofis za mu leƙa. Idan kana aiki a kemis, ko makaranta, ko shagon buga takardu, ko wurin masu ɗaukar hoton biki, wataƙila ka taɓa ganin wani ƙaramin akwati a lungu, an jona masa kebul, fitilarsa na ƙyaftawa. Shi ake kira NAS, wato rumbun ajiyar fayil da ke zaune a kan netwok, kowa a ofis ya ajiye, kowa ya ɗauka.

Ranar da kwamfuta ta daina ganinsa kuwa, hankali tashi yake. Lissafin bashi yana ciki, rasit yana ciki, hotunan amaryar da aka karɓi kuɗinta suna ciki. Wani ma sai ya yi gaggawar goge akwatin, alhali kayan na nan lafiya lau, hanyar zuwa wurinsu ce kawai ta toshe. In ka san yadda aka gina wannan hanya, za ka san inda ya kamata ka fara dubawa.

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da RAMAC, kwamfutar kasuwanci ta farko mai faifan ajiya. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma duka abin da suke ɗauka bai wuce megabayit 5 ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayarka ke nan fa. Kuma ajiyar a jikin kwamfuta ɗaya take, wata ba ta iya leƙawa.

A 1973 ne Robert Metcalfe ya ƙirƙiro Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya. Jikan wannan fasaha ne kebul ɗin da ke bayan akwatinka. Don haka kafin ka taɓa kowane saiti, duba bakin kebul ɗin. In babu fitila ko ɗaya da ke ci a wurin, canza kebul ko ka canza rami a jikin rauta, wato akwatin da ke raba muku intanet.

Ranar 1 ga Janairun 1983 netwok ɗin ARPANET, kakan intanet, ya koma kan tsarin TCP/IP, inda kowace na'ura ke da lambar gidanta da ake kira adireshin IP. A wannan shekarar ce kuma Barry Feigenbaum na IBM ya tsara SMB, yaren da kwamfutoci ke magana da shi wajen musayar fayil. Kamfanin Sun ya kawo nasa mai suna NFS a 1984. A 1992 aka kafa kamfanin da yanzu ake kira NetApp, mai ƙera akwatin da ba shi da wani aiki sai ajiya, sannan Andrew Tridgell na Ostireliya ya fitar da manhajar Samba kyauta, wadda ta ba na'urorin da ba Windows ba damar jin yaren SMB. Daga baya kamfanonin Taiwan, Synology a 2000 da QNAP a 2004, suka shigo da ƙananan akwatunan da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya saya.

To a nan matsalar farko ta samo asali. Da can da hannu ake rubuta wa kowace na'ura adireshi. Da na'urori suka yi yawa, a 1993 aka fito da tsarin DHCP, rauta ta riƙa raba adireshi da kanta. Sai dai haya take bayarwa, ba sayarwa ba. In aka ɗauke wuta aka dawo, rauta na iya ba akwatinka sabuwar lamba, tsohuwar kuma ta faɗa hannun wayar wani. Kwamfutarka tana can tana ƙwanƙwasa tsohon gida, mai gida ya tashi. Maganinsa ko da wayarka za ka iya: hau wayifayin ofis, buɗe shafin rauta a burauza, duba jerin na'urorin da ke haɗe, za ka ga sabuwar lambar. Sannan ka shiga saitin DHCP ka keɓe wa akwatin lamba ɗaya ta dindindin. Amma ka tabbata ba wayifayin baƙi ka hau ba, domin shi yawanci an katange shi daga na'urorin ofis.

Matsala ta biyu ta taso ne daga 1996, lokacin da aka tabbatar da wasu lambobi na cikin gida kawai, irin masu farawa da 192.168. Kowane kamfanin rauta ya zaɓi unguwarsa a ciki. Wata 192.168.1.1 ce, wata 192.168.0.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. A ce an kafe wa akwatinka 192.168.1.50 tun shekaru, sai oga ya sayo sabuwar rauta mai 192.168.8.1. Shi ke nan, akwati yana wata unguwa, ku kuna wata. Ko dai ka mayar da lambar sabuwar rautar irin ta tsohuwa, ko ka ba kwamfuta ɗaya 192.168.1.60 na ɗan lokaci, ka shiga akwatin ka gyara masa lamba. Manhajojin Synology Assistant da Qfinder Pro ma suna iya lalubo akwatin kamfaninsu ko da lambar ta saɓa.

Idan kuma ka ga lambar ta fara da 169.254, wannan dabara ce da Microsoft ya sa tun a Windows 98: na'urar da ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta laƙaba wa kanta. Ma'ana ba ta jin rauta. Kashe su duka, kunna rauta tukuna, ka ba ta minti biyu ko uku, sannan ka kunna akwatin.

Matsala ta uku ita ce mai ban tsoro. Ranar 12 ga Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohon SMB1, ta kulle fayil a kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Daga ƙarshen wannan shekarar Microsoft ya fara janye SMB1 daga Windows 10. Shi ya sa za ka ga shafin akwatin yana buɗewa a burauza, amma sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe fayil ɗinsa. Wani zai ce maka ka kunna SMB1 kawai. Kar ka yarda. Shiga saitin akwatin ka kunna SMB2 ko SMB3, in babu ka sabunta manhajarsa. In ya tsufa har ba ya ɗauka, lokacin kwashe kaya ya yi.

Kar kuma garin neman sauƙi ka buɗe wa akwatin ƙofa kai tsaye zuwa intanet. A Yunin 2021 masu amfani da My Book Live na kamfanin Western Digital sun wayi gari an goge musu komai daga nesa. Akwatunan sun daina samun sabuntawa tun 2015.

Maɓallin mayar da saiti da ke baya shi ne na ƙarshe. A Synology, riƙe shi kamar daƙiƙa 4 har ka ji ƙara yana mayar da saitin netwok kan DHCP, ya sa ka sake kalmar sirri, ba ya taɓa fayil. In ka maimaita nan take kuwa, saitin akwatin gaba ɗaya zai tafi. Kowane kamfani da nasa tsarin, don haka karanta littafin naka kafin ka danna, kuma kar ka zare faifai.

Yau kafin ka tashi daga aiki, rubuta adireshin akwatin da na rauta a takarda ka liƙa a jikinsa, sannan ka kwafi muhimman fayil a wani faifan daban ka ajiye a wani wuri. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.