Rage Sukari a Abincin Yau da Kullum: Daga Teburin Mai Shayin Bauchi Zuwa Zangon Kudu

Sukari, ko suga kamar yadda aka fi faɗa a baki, ya zama abin da ba a rasa shi a cin Bahaushe tun daga karin kumallo har zuwa kwanciya barci. A da can zaƙin da kakanninmu suka sani shi ne zuma, rake, takanɗa da mazarƙwaila, kuma ba kullum ake samun su ba. Yau kuwa da ɗan canjin da ke aljihunka za a ƙulla maka farin suga a leda a kowane shago. Wannan bayani ya ɗauki cimar garin Bauchi a matsayin misali, domin ita ce cimar da 'yan'uwa da yawa suka taso da ita, suka kuma taho da ita Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Onica da Fatakwal.

Wane sukari ake magana a kai?

Ba kowane zaƙi ne ake cewa a rage ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba abin gida biyu. Akwai zaƙin da yake cikin abu tun asalinsa, kamar na mangwaro, gwaiba, kankana, lemon zaƙi da aka sha da ɓargonsa, ko na madarar shanu. Wannan ba shi ne abin damuwa ba. Sai kuma wanda ake ƙarawa da hannu, ko a gida, ko wurin mai sayarwa, ko a kamfani. Hukumar ta haɗa zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse cikin wannan kashi na biyu, saboda da zarar an tace an zubar da dusar, zaƙin yana shiga jini da sauri kamar na suga.

Nawa ne ya isa a rana?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, wannan ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ƙara da cewa in aka sauko zuwa kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, ya fi wa jiki alheri.

Don lissafin ya zo da sauƙi, ga awon da za ka riƙe:

Ƙaramin cokali ɗaya: kusan giram 4.
Babban cokali ɗaya: kusan giram 12.
Ƙwayar suga mai iyali ɗaya: giram 4 zuwa 5.
Lemon kwalba mai gas: kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita ta kai giram 50.

Ka ga ke nan roba ɗaya ta lemo ta cinye rabon yini gaba ɗaya, tun ba a zo ga koko da shayi ba.

Inda yake shiga a cimar Bauchi

Masar Bauchi ta yi suna a duk ƙasar nan, har a Legas da Abuja za ka ga an rubuta sunanta a allon masu abinci. Da shinkafa ake yin ta, kuma yawancin masu yi suna zuba suga a ƙullun don ya tashi ya kuma yi ja a tanda. In aka ci da miyar taushe ko ta alayyafo ko ƙuli, abin ya tsaya nan. To amma wasu, musamman yara, sai an barbaɗa musu wani sugan a kai ko an zuba zuma.

Bayan masa sai abin sha. Duk wanda ya zaga kasuwar Wunti, ko Muda Lawal, ko bakin jami'a a Yelwa lokacin zafi, ya san yadda robobin kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo da lamurje ke tafiya. Zoɓo da tsamiya suna da tsami, shi ya sa ake loda musu suga fiye da yadda mai sha ke zato. Fura da nono ma haka, nonon da ya kwana ya yi tsami sai an kashe shi da cokali biyu ko uku.

Sai teburin mai shayi. Shayi mai kauri haɗin abu uku ne masu zaƙi: sugan da aka jefa, garin Milo ko Bournvita wanda shi kansa da suga aka haɗa shi, da kuma madara in ta kasance mai kaurin nan mai zaƙi ce. Madarar gwangwani ta ruwa wadda ba a sa mata suga ba daban take da mai kauri, wadda kusan rabinta suga ne. Ga kuma shayin Buzaye da matasa suka runguma a majalisa, ƙaramin kofi ne amma zagaye uku ake yi, kowane zagaye da nasa sugan.

A gidan biki da suna kuwa ga alkaki, nakiya, cincin, tuwon madara, gullisuwa, kantu da alewa. Waɗannan ba su ne babbar matsalar ba, tun da ba kullum ake biki ba. Abin da ake sha kowace rana shi ke taruwa.

A ɗauki misalin yinin mutum ɗaya. Da safe koko da ƙwaya 3, giram 15. Da rana lemo roba ɗaya, giram 50. Da la'asar fura da babban cokali 2, giram 24. Da dare shayi da ƙwaya 4, giram 20. Jimla giram 109, ya ninka ƙa'ida har da ɗoriya, ba a ma lissafa na cikin masa da burodi da Milo ba. Kuma in ka tambayi wannan mutumin zai ce maka shi ba mai shan zaƙi ba ne.

Abin da zaman kudu ya ƙara

Mazaunin kudu, musamman wanda ya bar iyali a gida, cinsa na titi ne. Ɗan acaɓa, ɗan dako, mai gadi, ɗan canji, mai kayan gwari, direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, kusan duk abincinsu ɗaya ne: burodin Agege da lemo da rana, garin kwaki da suga in aljihu ya yi sanyi, shayi da Indomie da dare. Burodin kansa da suga ake kwaɓa shi. Sai kuma lemukan ƙara kuzari da masu aikin dare ke sha don korar barci, waɗanda suka haɗa suga da sinadarin kafin. Maltina da 'yan'uwanta ma, da ake kai wa marar lafiya da mai jego da sunan ƙarin jini, zaƙinsu bai gaza na lemo ba.

Me yake yi a jiki?

Idan suga ya shiga ciki yana rabuwa gida biyu, gulukos da furuktos. Gulukos yana wucewa cikin jini, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin don ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Furuktos kuma hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa ta mayar da shi kitse. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa, mutum ya sha roba guda kuma ya zauna ya ci tuwonsa cif.

Daga nan ne teɓa da tumbi ke farawa, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, ƙofar ciwon suga nau'i na biyu ta buɗe, tare da hawan jini da ciwon zuciya. A nan akwai gyara: ba shan suga kaɗai ke kawo ciwon suga ba. Gado, ƙiba, shekaru da rashin motsa jiki duk suna da hannu, kuma siriri ma yana kamuwa. Sai dai yawan shan lemo yana ƙara haɗarin, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa. Haƙori kuwa tasa matsalar kai tsaye ce, ƙwayoyin cutar baki suna cin sugan su fitar da tsamin da ke huda haƙori.

Alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na shekarar 2021 sun nuna manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, kimanin miliyan 3.6 daga cikinsu a Najeriya. A nahiyar Afirka fiye da rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba.

Zuma, mazarƙwaila da dabino fa?

Mutane da yawa in sun bar farin suga sai su koma waɗannan, su riƙa zubawa ba awo. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa ya daskare, 'yar'uwar farin sugan ce, tacewa kawai ba a yi mata ba. Busasshen dabino fiye da rabinsa sukari ne, ko da yake yana da dusa da sinadarai masu amfani. Ƙwaya biyu ko uku ba laifi, amma dabinon da aka markaɗa cikin kunun aya da yawa ya zama wani sugan.

Haka acca, wadda ake nomawa a kudancin jihar Bauchi wajen Bogoro da Tafawa Ɓalewa da kuma Filato. Abinci ce mai kyau, amma ba magani ba ce, ita ma tana komawa gulukos kamar shinkafa da masara. Ƙwayoyin zaƙi na kanti marasa suga kuma, a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba. Abin da ake so shi ne harshe ya saba da ƙarancin zaƙi.

Hanyoyin ragewa

Fara da abin sha, don nan ne mafi yawa yake. Mai shan lemo kullum ya mayar da shi sau ɗaya ko biyu a mako, ya ɗauki ƙaramar kwalba maimakon babba.

Rage sannu a hankali. In ƙwaya 4 kake sa wa shayi, koma 3 na mako biyu, sannan 2. Harshe yana sabawa, wata rana in aka ba ka irin na da sai ka ji ya gundure ka.

Ka ce wa mai shayi ko mai fura ya ba ka sugan a hannu ka zuba da kanka. In an sa Milo, ba sai an ƙara ƙwaya ba.

A gida, uwargida ta riƙa auna suga da cokali, ba da ludayi ko tafin hannu ba. Citta, kanumfari, na'a-na'a, kimba da ɓawon abarba suna ba zoɓo da kunu ɗanɗano, su rage buƙatar zaƙi. Sabon kindirmo bai kai kwanannen nono buƙatar suga ba.

Ci masa da miya da ganye. Ɗanwake, alale, ƙosai, dafaffen wake, kwaɗon zogale ko rama, gyaɗa da ƙwai suna riƙe ciki, su hana kwaɗayin lemo da rana.

Duba jikin kwali ko roba. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, in ka ga suga a farko ko na biyu, ka san abin da ka saya. Kalmomi irin su glucose da sucrose duk shi ne.

Yara da azumi

Masana abinci suna ba da shawarar kada a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba suga a abinci, kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance a cikinta. Lemon kwali da biskit da ake sa wa 'yan makaranta a jaka kullum za a iya musanya su da ruwa, ayaba ko gyaɗa.

Da azumi kuma shan zaƙi kan ninka. Dabino kaɗan da ruwa sun isa buɗa baki, sai kunu mai ɗan suga. Jera zoɓo, lemo, kunun gyaɗa da shayi a zama ɗaya shi ke kawo kasalar nan ta bayan shan ruwa.

Abin da hukuma ta yi

Dokar Kuɗi ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Disambar shekarar, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Masu fafutukar lafiya na cewa kuɗin ya yi kaɗan. Ko ma yaya ne, harajin bai shafi kunun da ake damawa a gida ko shayin bakin titi ba. Wannan a hannunmu yake.

Gwaji, da gargaɗi ga masu ciwon

Yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da ciwon da ya ƙi warkewa, alamu ne da ke buƙatar gwaji. Ana yin sa da safe kafin a ci komai. Lamba 126 zuwa sama a na'urar da ke awo da miligiram, ko 7.0 a mai awo da milimol, in ta maimaita kanta a wani gwajin, tana nuna ciwon suga. A Bauchi ana duba masu ciwon a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru na jiha. A Legas asibitin koyarwa na Idi-Araba yana dab da unguwar Hausawa, a Ibadan ma asibitin koyarwa ba shi da nisa da Sabo. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, kuma asibitoci da ƙungiyoyi kan yi gwaji kyauta a lokacin.

Wanda yake kan allurar insulin ko ƙwayoyin ciwon suga, kada ya sauya cinsa farat ɗaya ba tare da ya ga likitansa ba. Sugan jininsa na iya faɗuwa ƙasa, ya ji rawar jiki, gumi da jiri. Irin wannan mutum ana son ya riƙa yawo da ƙwayar suga uku ko huɗu a aljihu, don a wannan halin ita ce taimakon farko kafin a kai shi asibiti.