2.3 Unguwar Wusasa da Mazaunanta na Farko

Wusasa ƙaramar unguwa ce da ke yamma da birnin Zariya, a kusa da dutsen Kufena. Tarihinta yana da alaƙa da zuwan Turawan Mishan na C.M.S. ƙasar Zazzau. Likita Walter Miller, wanda Hausawa suka fi sani da Likita Mila, ya zauna a cikin birnin Zariya tun daga shekarar 1905, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman Mishan a cikin ganuwa bai yi wa sarakuna da Turawan mulki daɗi ba, don haka a shekarar 1929 aka mayar da su bayan gari, wato Wusasa.

Mazaunan farko na wannan unguwa yawancinsu Hausawa ne da Fulani waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Daga cikinsu akwai zuriyar Isawa, waɗanda suka fara zama a ƙauyen Gimi kafin cutar barci ta tarwatsa su. Duk da bambancin addini, mutanen nan ba su yar da al'adunsu ba. Hausa suke yi a gida da wurin ibada, suna sa riga da hula kamar 'yan'uwansu na birni. Hatta majami'arsu ta St. Bartholomew da ƙasa aka gina ta, bisa tsarin ginin Hausawa.

Abin da ya fi fito da sunan Wusasa shi ne ilimin boko. Daga wannan al'umma aka sami Likita R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Haka kuma akwai John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Bugu da ƙari, a nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatunsa na farko, shi ne kuwa ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma, wanda mahaifinsa malamin bishara ne daga ƙasar Angas, a Wusasa ya tashi.

Wannan ya nuna cewa fitar da Mishan daga birni bai kashe makarantarsu ba. A bayan ganuwar ne ma ta yaye mutanen da Arewa ta dogara da su a lokacin da take ƙarancin ma'aikata. Sashe na gaba zai duba dangantakar Wusasa da masarautar Zazzau.