Teburan shaidar masu amfani a uwar garken manhaja

Teburan shaidar masu amfani su ne teburan da ake tsarawa a cikin rumbun bayanai domin ajiye sunayen mutanen da aka ba izinin shiga wata manhaja, da kalmomin sirrinsu, da kuma matsayin kowannensu. Uwar garken manhaja, wadda ake kira saba, tana duba waɗannan tebura a duk lokacin da wani ya rubuta sunansa da kalmar sirri a shafin shiga. Yawancin sabobin da aka gina da yaren Java, irin su Apache Tomcat da WildFly da GlassFish, ba sa ƙirƙirar teburan da kansu. Mai kula da tsarin ne yake rubuta su da hannu ta hanyar umarnin SQL, sannan ya sanar da sabar inda za ta same su. Saboda haka faɗin gurbi, da tsarin haruffa, da yadda za a ɓoye kalmar sirri, duk suna wuyan wanda ya tsara teburan.

Ayyukan teburan

Teburan suna amsa tambayoyi biyu. Ta farko ita ce tantancewa: shin wannan mutum shi ne wanda ya ce shi ne? Ta biyu ita ce izini: me aka yarje masa ya gani ko ya sauya? Sabar tana amsa ta farko ta hanyar kwatanta kalmar sirrin da aka shigar da abin da ke ajiye, ta biyu kuwa ta hanyar karanto matsayin mutumin. Mutum yana iya tsallake ta farko amma ya faɗi a ta biyu. A irin wannan hali sabar takan nuna lambar kuskure 403, wadda ke nufin an san mutumin amma ba shi da ikon shiga wannan shafi.

Rumbun bayanai ba shi ne kaɗai wurin ajiyar shaida ba. Ƙananan tsare-tsare suna amfani da fayil guda, kamar tomcat-users.xml na Tomcat, manyan ma'aikatu kuma suna amfani da kundin adireshi na LDAP, wanda ya fito a 1993. Ana zaɓar tebura galibi idan manhajar tana da rumbun bayanai tun asali, kuma ana son bayanan masu amfani su zauna wuri guda da sauran bayanai.

Tarihi

Tunanin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna ya fito ne daga Edgar F. Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, a wata maƙala da ya wallafa a 1970. Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ma a IBM, suka ƙirƙiro yaren da ya zama SQL, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da shi a 1986.

Tomcat ya samo asali ne a kamfanin Sun Microsystems a hannun James Duncan Davidson, aka miƙa shi ga gidauniyar Apache a 1999. A cikinsa ana kiran ma'ajiyar shaida da suna Realm, kuma masu amfani da rumbun bayanai guda biyu ne: JDBCRealm da DataSourceRealm. An cire na farkon daga Tomcat 10, saura na biyun. A shekarar 1999 ɗin ne kuma Marc Fleury ya fara aikin JBoss, wanda kamfanin Red Hat ya saya a 2006, daga baya aka sauya wa sabar suna zuwa WildFly. A 2017 ƙa'idar Java EE 8 ta zo da hanya guda ta bayyana ma'ajiyar shaida a cikin manhajar kanta, amma ko a nan mai gina manhajar ne yake samar da teburan.

Tsarin teburan

Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne tebura biyu. Teburin farko yana da layi guda ga kowane mutum, da gurbi biyu aƙalla: sunan shiga da kalmar sirri. Sunan shiga shi ne babban makulli, wato ba a yarda ya maimaitu ba kuma ba a barinsa babu komai. Tebur na biyu yana haɗa suna da matsayi, layi guda ga kowane matsayi da mutum yake riƙe da shi. Makullinsa ya ƙunshi gurbin biyu a haɗe, domin kada a ba mutum matsayi iri ɗaya sau biyu. Akan ƙara makullin haɗi tsakanin teburan, ta yadda ba za a rubuta matsayi ga sunan da babu shi ba, kuma idan an goge mutum matsayinsa zai tafi tare da shi.

A ɗauki misalin wata makarantar sakandare a unguwar Hotoro da ke Kano, wadda ke son shafin duba sakamakon jarrabawa. Matsayin da za ta buƙata sun haɗa da ɗalibi, malami, ma'aji da shugaban makaranta. Malamin da kuma shi ne jami'in jarrabawa zai samu layi guda a teburin farko, layi biyu a na biyu. Idan an sauke shi daga aikin jarrabawa, layi guda kawai za a goge, asusunsa ya ci gaba da aiki. Wannan ne dalilin raba teburan biyu maimakon cusa komai a guda.

Kowace saba tana da abin da take tsammani. Misalin da ke cikin littafin jagorar Tomcat yana amfani da sunayen users da user_roles, kuma gurbin sunan shiga dole ya ɗauki suna iri ɗaya a teburan biyu. Tsohon tsarin tsaro na JBoss yana karɓar umarnin tambaya guda biyu, ɗaya na kalmar sirri ɗaya na matsayi, kuma na biyun dole ya dawo da gurbi biyu, na ƙarshen yana ɗauke da kalmar Roles. WebLogic na kamfanin Oracle yana tsammanin tebura uku: na mutane, na rukunai, da na waɗanda ke cikin kowane rukuni. Spring Security, wanda ɗakin karatun manhaja ne ba saba ba, yana ƙara gurbin da ke nuna ko asusu yana aiki ko an dakatar da shi.

Matakan aikin

Ana farawa da buɗe rumbu a tsarin da aka zaɓa, kamar MySQL, PostgreSQL ko Oracle, sannan a rubuta umarnin ƙirƙirar teburan a cikin fayil, a adana shi domin a iya maimaita aikin a wata na'ura. Daga nan a buɗe wa sabar asusunta na musamman a rumbun. Tomcat karatu kawai yake yi daga teburan, don haka ikon karatu ya wadatar da wannan asusu. Ba shi ikon gogewa ko sauyawa ƙarin haɗari ne babu amfani.

Mataki na gaba shi ne ajiye direban JDBC na rumbun a inda sabar za ta gan shi, da rubuta sunayen tebura da gurabe a fayil ɗin saiti, wanda a Tomcat shi ne server.xml. Sai a shigar da mutum na farko, galibi mai kula da tsarin, da hannu. A ƙarshe a tabbatar sunayen matsayi da ke cikin tebur sun yi daidai, harafi da harafi, da waɗanda manhajar ta ambata a fayil ɗin web.xml. Tomcat ba ya zuwa da shafin ƙara mutane ko sauya kalmar sirri a waɗannan tebura. Manhajar ce za ta samar da shi. Haka kuma sauyin da aka yi wa matsayin mutum ba ya aiki a kansa sai ya fita ya sake shiga.

Dalilan yin aikin da hannu

Akwai manhajoji, irin su Keycloak, da ke gina teburansu da kansu a farkon kunnawa. Duk da haka bankuna da hukumomi da dama ba sa ba wata manhaja ikon ƙirƙira ko sauya tebur, sai jami'in rumbun bayanai ya duba umarnin ya zartar da kansa. Shi ya sa Keycloak ma yake da zaɓin fitar da umarnin SQL a fayil maimakon aiwatar da shi. Wani dalilin shi ne ma'aikata tana iya kasancewa da tsohon teburin ma'aikata ko ɗalibai, a so sabar ta yi amfani da shi kai tsaye. Akwai kuma bambancin yare tsakanin rumbuna: Oracle yana amfani da VARCHAR2 wajen rubutu, kalmar user keɓaɓɓiya ce a PostgreSQL, kalmar group kuma keɓaɓɓiya ce a ƙa'idar SQL, don haka sanya wa tebur waɗannan sunaye yana jawo kuskure.

Ajiye kalmar sirri

Ba a ajiye kalmar sirri kamar yadda mai ita ya rubuta. Ana bi da ita ta wani lissafi mai tafiya ɗaya da ake kira hash, wanda ke niƙa ta zuwa jerin haruffa da ba a iya mayarwa baya, kamar yadda ba a mayar da gari tsaba. Idan mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a kwatanta da na ajiye. Kafin niƙan ana haɗa ta da wasu haruffa na kan-mai-uwa-da-wabi da ake kira gishiri, domin mutum biyu masu kalmar sirri iri ɗaya su samu sakamako daban. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana wannan dabara a maƙalarsu ta 1979 kan tsarin Unix.

Wannan yana shafar faɗin gurbi kai tsaye. Sakamakon MD5 haruffa 32 ne, na SHA-1 40, na SHA-256 64, na bcrypt kuma 60. Tomcat yana iya ajiye gishiri da adadin zagaye da sakamakon duka a gurbi guda, wanda ke ƙara tsawon. Misalin jagorar Tomcat kuwa haruffa 15 kacal ya ba gurbin kalmar sirri. Wanda ya kwafe shi ba tare da gyara ba zai ga rumbun ya ƙi karɓar bayanin, ko kuma, a MySQL da ba a saita shi da tsauri ba, ya datse shi, kowa ya kasa shiga alhali kalmarsa daidai ce. Akan ba gurbin haruffa 255 domin kauce wa hakan.

MD5 da SHA-1 suna da saurin lissafi, wanda ke sauƙaƙa wa ɓarawo gwada kalmomi masu ɗimbin yawa. Shi ya sa aka fi son masu jinkiri da gangan: bcrypt na 1999, PBKDF2 na 2000, da Argon2 wanda ya lashe gasar zaɓen irin wannan lissafi a 2015. A 2009 an sace kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, duk a rubuce a fili. A 2012 an fallasa kimanin miliyan 6.5 na LinkedIn, waɗanda aka niƙa da SHA-1 babu gishiri, aka gano da yawa daga cikinsu cikin kwanaki.

Sunayen Hausa da lambobin Najeriya

Haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne saitin asali na MySQL har zuwa fitowar 5.7. Idan aka ƙirƙiri tebur da shi, suna kamar Ɗanladi ko Ɓaidu yakan koma da alamar tambaya a madadin harafin farko, ko a ƙi karɓarsa. Maganin shi ne zaɓar tsarin Unicode tun farko, wato utf8mb4 a MySQL, wanda ya zama saitin asali daga fitowar 8.0 a 2018.

Sunaye irin su Sa'adatu, Mu'azu da Rabi'u suna ɗauke da alamar hamza, wadda ake rubutawa da alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Manhajar da ke liƙa suna kai tsaye a cikin umarni takan tsaya da kuskure a kan irin waɗannan sunaye. Wannan kuskure alama ce ta ƙofar da masu kutse ke bi su cusa nasu umarnin, hanyar da aka bi aka shiga RockYou. Ana toshe ta da shiryayyen umarni, inda ake aika suna daban da umarnin, ba da hana hamza a cikin sunaye ba.

Cikakken suna bai dace da zama makulli ba, domin a aji guda ana iya samun Muhammad Sani ko Aisha Abubakar fiye da ɗaya. An fi amfani da lambar rajista ko adireshin imel. Lambobin wayar Najeriya suna farawa da sifili, saboda haka a gurbin rubutu ake ajiye su. Gurbin lissafi yana zubar da sifilin. Haka ake yi wa lambar NIN ta hukumar NIMC da lambar BVN ta bankuna, waɗanda kowacce ke da alƙaluma 11. MySQL a saitinsa na asali ba ya bambanta babban harafi da ƙarami wajen kwatanta rubutu, PostgreSQL kuwa yana bambantawa, don haka Musa da musa suna iya zama mutum ɗaya a wani rumbu, mutum biyu a wani.

Matsayin doka

A Najeriya abin da ke cikin waɗannan tebura bayanan sirri ne a idon doka. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a watan Janairun 2019, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya ɗauki matakan tsaro da suka dace, ya tattara abin da yake buƙata kawai, kuma ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan ya gano ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100. Inda ake dogara da amincewa wajen tattara bayanan yara, dokar ta buƙaci amincewar iyaye ko masu kula da su, abin da ya shafi makarantu kai tsaye. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2017, aka ɗora wa hukumar HAPDP kula da aiwatar da ita.